DARASI A KAN TSABTAR ABINCI: Yadda Ake Zaɓen Buroshin Shafa wa Burodi Mai da Ƙwai

Gabatarwa

Gashin burodi da kek da gireba a cikin gida sana'a ce wadda ta yaɗu ƙwarai a ƙasar nan, birni da ƙauye. A kudancin Jihar Kaduna, watau a garuruwa irin su Kafanchan da Kwoi da Zonkwa da Kagoro da Kachia, matan aure da yawa suna samun kuɗin cefane da na makarantar yara ta wannan hanya. Ciniki yakan ƙaru a lokacin Kirsimeti da Ista da Sallah, da ranar bikin Afan na Kagoro, wanda ake yi ran 1 ga Janairu, da kuma bikin Tuk-Ham na Kwoi. Tun daga shekarar 1927, sa'ad da Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo, garin ya tara mutane daga kowace kusurwa ta Nijeriya, kowa da irin abincinsa da al'adarsa. Saboda haka mai gashin burodi a wannan yanki tana ciyar da jama'a iri-iri, kuma lafiyarsu amana ce a hannunta.

Uwargida takan tsaya ta zaɓi fulawa mai kyau, da yis mai rai, da gwangwanin gashi marar tsatsa. Amma in aka zo ga abin da za ta shafa mai ko ƙwai da shi, sai ta ɗauki duk abin da hannunta ya kai gare shi: gashin kaza, ko tsohon tsumma, ko buroshin da mai fenti ya bari a tsakar gida. Hausawa kuwa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa mai karatu cewa buroshi nagari shi ne wanda yake wankuwa sarai, ba ya zubar da gashi, kuma ba ya yin wani aiki sai na abinci.

1. Aikin Buroshi a Wurin Gashi

Ayyuka huɗu buroshi yake yi.

Na farko, shafa mai a cikin gwangwani ko faranti kafin a zuba kwaɓi, domin kada burodi ya manne. In man ya yi yawa a kusurwa, gindin burodin ya soye. In ya yi kaɗan, ya yage wurin cirewa. Buroshi shi ke baza man daidai wa daida, ya kuma rage ɓarnarsa.

Na biyu, shafa ruwan ƙwai a bayan kwaɓi kafin a sa shi a wuta. Akan fasa ƙwai ɗaya, a zuba masa ruwa ko madara babban cokali ɗaya, a kaɗa sosai. Zafin wuta shi ke mai da wannan shafi ja mai sheƙi, wanda yake jawo idon mai saye.

Na uku, liƙe bakin kwaɓi, kamar na burodi mai nama a ciki ko na samosa, domin kada abin da aka cusa ya tsiyaye.

Na huɗu, shafa bota ko man shanu ko ruwan sukari ko zuma a kan abin da aka riga aka gasa, domin ɓawonsa ya yi laushi.

Lalle ne mai karatu ya lura da bambancin da ke tsakanin waɗannan ayyuka. Uku na farko kafin wuta ake yinsu, wuta kuwa tana kashe ƙwayoyin cuta. Na huɗu bayan wuta ake yinsa, daga nan kuma sai bakin mai ci. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin darasin duka.

2. Abin Koyi Daga Tukwanen Nok

Kafin a shiga maganar ire-iren buroshi, ya kamata a fahimci halin maiƙo, watau yadda yake shiga jikin abu ya zauna. Ƙasar Nok ta ba da misali wanda ba shi da na biyu.

Nok ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Jaba, kusa da Kwoi. A nan ne masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu a shekarar 1928. A shekarun 1940 wani masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya gane cewa irin waɗannan gumaka aikin wata tsohuwar al'umma ne, ya sa mata sunan ƙauyen. Mutanen nan sun noma gero da wake, sun gina tukwane, daga baya kuma suka narka ƙarfe. A shekarar 2021 masana daga Jami'ar Bristol ta Ingila da Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus suka bayyana sakamakon binciken da suka yi a kan tsingaron tukwanen mutanen Nok. Sun sami ragowar kakin zuma da kitsen dabbobi a cikin jikin yumɓun, waɗansu tukwanen kuwa sun kai shekara 3,500.

Dalili shi ne, yumɓu yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, maiƙo yakan shige su ya maƙale. Tukunyar da ta shekara dubbai a cikin ƙasa, ruwan damina yana bi ta kanta, ba ta rabu da alamar abin da aka dafa a cikinta ba. To, tsumma da itace da gindin gashin buroshi su ma suna da irin waɗannan maɓoya. Ɗauraya da ruwa kaɗai ba ta fitar da abin da ya shiga ciki. Tsohon mai yakan juya ya yi wari, ya ɓata ɗanɗanon burodi. Ragowar ƙwai kuwa takan zama abincin ƙwayoyin cuta. Don haka tambaya ta farko da za a yi game da kowane buroshi ita ce: shin ana iya wanke shi har gindinsa?

3. Ire-iren Abin Shafi

(a) Gashin tsuntsu. Wannan tsohuwar dabara ce, kuma ba a ƙasar nan kaɗai aka san ta ba. A ƙasashen Cek da Hungari na Turai akan kitsa gashin dinya a yi buroshin gashi da shi. Yana da laushi, ba ya danne kwaɓin da ya tashi. Aibinsa shi ne, gashin kaza ko na agwagwa yakan ɗauko ƙwayoyin cuta daga kashin tsuntsun da kuma akurki. Wadda ba ta da wani abu sai shi, ta wanke shi da sabulu, ta tafasa shi minti 10, ta shanya a wuri mai tsabta, ta yi aiki da shi sau ɗaya, ta yar.

(b) Tsumma. Masu sinasir da waɗansu masu waina sun saba goge kasko da ƙyalle mai mai. Yana jure zafi, amma yana shan mai da yawa, yana barin zare, kuma shi ne ya fi kowanne riƙe dauɗa. In dole ne, a yanko sabon farin ƙyallen auduga, a riƙa tafasa shi kullum bayan aiki. Ba a shafa ƙwai da tsumma.

(c) Buroshi mai gashin dabba. Shi ne ya fi ɗaukar ruwa, ya fi kuma baza shi sumul, domin bakin kowane gashi a tsattsage yake. Amma yana da wuyar wanki, yana riƙe wari, in ya tsufa kuma yana zubar da gashi. Akwai wani abu kuma da ya wajaba a sani. Galibin buroshin da aka rubuta a jikin takardarsa cewa gashinsa na asali ne, da gashin alade ake yinsa, mafi yawa daga ƙasar Sin. Akwai gidajen da wannan bai dame su ba, akwai kuma waɗanda addininsu bai yarda ya taɓa abincinsu ba. A gari kamar Kafanchan, inda Kirista da Musulmi suke cin kasuwa ɗaya, suna kuma aika wa juna abincin Kirsimeti da na Sallah, wadda take gashi domin sayarwa ko domin kyauta za ta kyauta in ta zaɓi buroshin da hankalin kowa zai kwanta da shi. Wannan yana cikin haƙƙin maƙwabtaka, yana kuma cikin dabarun ciniki.

(d) Buroshi mai gashin nailan. Nailan zare ne na masana'anta, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a shekarar 1935. Yana da araha, ba ya shan mai, bai cika zuba ba, kuma ya fi gashin dabba sauƙin wanki. Sai dai ba ya son zafi. In ya taɓa kasko mai zafi sai bakinsa ya nannaɗe, ko ya narke a kan abinci. Ya dace da shafa ƙwai da shafa gwangwani mai sanyi. A nemi mai laushi, domin mai tauri yakan karce kwaɓi.

(e) Buroshin silikon. Wannan wata irin roba ce mai laushi wadda take jure zafin da ya kai digiri 200 a ma'aunin santigiret. Ba ya zubar da gashi, ba ya shan wari, ana iya tafasa shi, kuma a yawancinsu kan yana cirewa daga mariƙin a wanke ciki. Kasawarsa ita ce ba ya riƙe abu mai ruwa-ruwa sosai, sai an riƙa tsoma shi a kai a kai, kuma wani lokaci yakan bar sawu a kan kwaɓi. Mai sirara-siraran yatsu masu yawa ya fi mai kauri aiki. Ga mai gashi a gida, wannan shi ne ya fi sauƙin tsabtacewa.

4. Gwaji Bakwai a Kasuwa

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin a biya kuɗi, a yi waɗannan:

Na ɗaya, a kama gashin da yatsu biyu a ja shi a hankali. In ya biyo hannu tun yana sabo, to haka zai biyo burodi.

Na biyu, a shafa shi a bayan hannu. Ya zama mai laushi, amma in an lanƙwasa shi ya koma yadda yake.

Na uku, a duba mahaɗar gashi da mariƙi. In zoben ƙarfe ne, ya zama wanda ba ya tsatsa, ya kuma matse gam, babu ramin da ƙwai zai shiga ya kwanta. Wanda aka zuba kansa da mariƙinsa a haɗe, babu zobe, ya fi.

Na huɗu, a duba mariƙin. Na roba ya fi na itace sauƙin wanki. In na itace ne, ya zama sumul, babu tsaga, babu fentin da yake ɓamɓarewa. Ya kasance da huda a ƙarshensa domin ratayewa.

Na biyar, a sansana. Wanda yake warin fenti ko kananzir ko ƙaƙƙarfan warin roba, a bar wa mai shi.

Na shida, a duba girma. Mai faɗin inci 1 zuwa 1½, watau santimita 2½ zuwa 4, ya isa aikin kek da samosa da ƙananan burodi. Mai inci 2, watau santimita 5, shi ya dace da manyan gwangwanaye. Mai fale-falen kai ya fi mai zagayayyen kai saurin aiki.

Na bakwai, in ana shakkar ko gashin na dabba ne ko na nailan, a roƙi mai kaya a tsinke ƙwaya ɗaya a ƙyasta mata ashana. Gashin dabba yakan yi ƙauri irin na babbakar kan rago, ya zama toka mai murmushewa. Nailan kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri.

Har ila yau, buroshi mai launi mai duhu ko mai haske sosai, kamar ja ko shuɗi, yana da amfani, domin in wani abu ya gutsure daga jikinsa za a gan shi a kan farin kwaɓi. Kada kuma araha ta ruɗi mai saye, gama araha ba ta ado.

5. Haɗura Uku

Haɗari na farko shi ne ɗanyen ƙwai. Ɓawon ƙwai, wani lokaci har da cikinsa, yakan ɗauki ƙwayar cutar da likitoci suke kira Salmonela. Tana kawo zazzaɓi da ciwon ciki da gudawa da amai, daga awa 6 zuwa awa 72 bayan an ci abincin, ciwon kuma yakan yi kwana 2 zuwa 7. Babba mai ƙarfi yakan warke, amma ga jariri da tsoho da wanda wata cuta ta raunana, abin yana iya kai wa ga mutuwa. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 suke kamuwa da ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suna mutuwa, daga cikinsu 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Nahiyar Afirka ce nauyin ya fi danne wa, da mace-mace kimanin 137,000.

Ƙwayoyin nan suna mutuwa in zafin abinci ya kai digiri 70, suna kuma hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da digiri 60, wanda zafin ɗakin girki yake cikinsa rani da damina. Ƙwan da aka shafa kafin gashi wuta ta dafa shi, babu laifi. Ɓarna tana zuwa ne sa'ad da aka ɗauki wannan buroshi na ƙwai, aka tsoma shi cikin bota, aka shafa wa burodin da ya riga ya fito. Ƙwayoyin cutar sun hau abincin da ba zai sake ganin wuta ba, sun kuma shiga kwanon botar. Saboda haka ƙa'ida ita ce a mallaki buroshi biyu masu launi dabam: na ƙwai, kafin wuta; na mai, bayan wuta. Kada ɗaya ya yi aikin ɗan'uwansa. Ruwan ƙwan da ya ragu kuma kada a ajiye shi zuwa gobe. A soya shi nan take, ko a zubar.

Haɗari na biyu shi ne buroshin fenti. Siffarsa ɗaya da na gashi, ya kuma fi samuwa a kasuwa, amma ba domin abinci aka yi shi ba. Wanda ya taɓa shiga fenti ba ya tsarkaka, ko an wanke shi da kananzir ko fetur, su ma ɗin guba ne. Waɗansu fentoci suna ɗauke da dalma, wadda take taruwa a jiki, tana lalata ƙwaƙwalwar yara, ba tare da an ji ɗanɗanonta ba. Jama'ar ƙasar nan sun ga ƙarfin wannan guba a Jihar Zamfara a shekarar 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Abin da buroshi zai ɗauko bai kai wannan yawa ba, amma likitoci ba su san wani adadi na dalma da yake da lafiya ga yaro ba. Haka nan ba a taɓa abinci da buroshin aski, ko na takalmi, ko na shafa baƙin gashi.

Haɗari na uku shi ne gashi da tsatsa a cikin abinci. Gashi mai tauri yana iya maƙale wa yaro a maƙogwaro. Ko bai yi haka ba, wanda ya tsinci gashi a cikin burodi ba ya komowa, kuma sai ya faɗa wa maƙwabta. Sunan da aka shekara ana ginawa yana iya zubewa a rana ɗaya.

6. Wanki da Ajiya

A wanke buroshi da zarar an gama aiki, kafin abin da ke jikinsa ya bushe.

Buroshin ƙwai, a fara ɗauraye shi da ruwan sanyi. Dalili kuwa, farin ƙwai yana fara daskarewa in zafi ya wuce digiri 60, to in aka fara da ruwan zafi sai ƙwan ya dafu a gindin gashin ya ƙi fita. Bayan haka a wanke da ruwan zafi da sabulu, ana buɗa gashin da yatsu har gindi, a ɗauraye sai ruwan ya fito garau.

Buroshin mai, a fara matse shi a cikin takarda mai tsabta, sa'an nan a wanke da ruwan zafi da sabulu.

Na silikon, a cire kansa, a wanke ciki da waje, a tafasa shi minti 5 lokaci-lokaci. Mai mariƙin itace kuwa kada a jiƙa shi ya kwana a ruwa, domin itacen zai kumbura ya tsage, gam ɗin da ya riƙe gashin kuma ya saki.

Bayan wanki a kakkaɓe ruwan, a rataye shi kansa ƙasa a inda iska take shiga. A kudancin Kaduna, inda damina take da tsawo kuma danshi ya yi yawa, buroshin da aka rufe da laima a jikinsa yakan yi fumfuna cikin 'yan kwanaki. Da hunturu kuma ƙura ce abin tsoro. Don haka a bari ya bushe ƙayau, sa'an nan a sa shi a cikin kwano mai murfi, inda ƙuda da kyankyaso da ɓera ba za su kai gare shi ba.

A yar da buroshi in ya fara zubar da gashi, ko zobensa ya yi tsatsa, ko gindinsa ya yi baƙi, ko yana wari bayan an wanke shi. Kuɗin sabon buroshi bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba.

In kuwa wani a gida ya kamu da gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan: lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, da sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. In yaro ne ƙarami, ko an ga jini, ko amai ya hana shi sha, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Tambayoyi Domin Bita

1. Waɗanne ayyuka na buroshi ake yi kafin wuta, wanne kuma ake yi bayan wuta?
2. Me binciken tukwanen Nok ya nuna game da halin maiƙo?
3. Ta yaya za a bambance gashin dabba da na nailan a kasuwa?
4. Don me ya kamata mai gashi ta mallaki buroshi biyu?
5. Me ya sa ake fara wanke buroshin ƙwai da ruwan sanyi?
6. Faɗi alamu huɗu da suke nuna lokacin yar da buroshi ya yi.

Ana roƙon malaman makarantun yaƙi da jahilci, da shugabannin zumuntar mata, da malaman Islamiyya, da ma'aikatan lafiya na karkara, su karanta wannan darasi ga waɗanda ba su iya karatu ba, su kuma kawo buroshi iri biyu ko uku cikin aji domin kowa ya gwada da hannunsa. Rigakafi ya fi magani.